Hancin Mota: Matacin Iska Na Takarda Ko Wanda Ake Wankewa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar burji a tsakiyar hunturu, a bayan wata babbar mota, ya san yadda ake sauka: gira ta yi fari, gashin ido ya yi fari, idan aka fyace hanci sai a ga hankici ya yi ja. Fasinja yakan kakkaɓe rigarsa ya wanke fuska, magana ta ƙare. Abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne, akwai wani mai numfashi a cikin tafiyar nan wanda ya shaƙi ƙura fiye da fasinjojin duka a haɗe, watau injin motar.

Lissafin ba shi da wuya. Babban mutum idan yana zaune yakan shaƙi iska lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, watau kimanin lita 10,000 ke nan a kwana guda. Injin fetur kuwa, kafin ya ƙone kilo 1 na mai yadda ya kamata, sai ya sami kilo 14.7 na iska. Ma'ana, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kusan lita 9,000. Injin dizal ya fi wannan zari. A ɗauki misalin injin nan mai silinda shida da girman lita 4.2 wanda kamfanin Toyota ya fara sa wa Land Cruiser a 1990, irin wanda ya yi suna a hanyoyin hamada kamar ta Agadas zuwa Bilma. Idan yana juyi 2,000 a minti, yakan zuƙi iska kusan lita 4,000 a kowane minti. Cikin minti uku ya shaƙi abin da direbansa zai shaƙa daga safiya zuwa wata safiya.

Tsakanin wannan iska mai ƙura da cikin inji abu ɗaya ne ya gitta, shi ne matacin iska, wanda makanikai suke kira filta. A kasuwar kayan mota ana samun iri biyu. Akwai na takarda, wanda idan ya cika sai a jefar a sa sabo. Akwai kuma wanda ake wankewa a shafa masa mai a mayar, na auduga ko na soso. Masu sayar da na biyun sukan ce da shi inji ya fi numfashi, ya fi ƙarfi, kuma sayensa sau ɗaya ne. To, mai motar da ke bin jeji da rairayi, ko likitan dabbobi ne, ko ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi ƙauye, ko ɗan kasuwa mai ɗauko gero, wanne ya kamata ya zaɓa?

Me ke cikin ƙura?

Kafin a amsa wannan tambaya sai an san abokin gabar. Wani kaso babba na hazon da ke rufe Kano da Damagaram da Maiduguri a hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi. Masana sun ɗauki wurin a matsayin babbar mahaifar ƙura a duniya. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wurin nan ƙasan wani ƙaton tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. A cikin ruwan akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, masu ƙwayar halitta guda, ana kiran su dayatom, waɗanda suke gina wa kansu ƙoƙo da sinadarin silika, watau abin da ake yin gilashi da shi. Da tafkin ya ƙafe, sai ƙoƙunansu suka zama farar ƙasa mai laushi. Ashe wani sashe na hazon da ke sa mutane tari a watan Janairu, gawarwakin halittun ruwa ne da suka mutu tun kafin a kafa birnin Kano.

Sai dai ƙurar da ta fi yi wa inji ɓarna ita ce wadda tayoyi suke tayarwa daga hanya, domin yawancinta ɓarɓashin yashi ne, dutsen da ake kira kwaz. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana kan 7, alhali bakin wuƙa bai wuce 5 da rabi zuwa 6 ba. Kwaz ya fi galibin ƙarafan inji tauri, saboda haka shi ne yake cin su, ba su ne suke cin sa ba.

Ana auna irin waɗannan ƙwayoyi da maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum kimanin maikiron 70 ne, jar ƙwayar jini kuwa 7 zuwa 8. Baƙin man da ke raba zobban fistan da bangon silinda, kaurinsa bai wuce 'yan maikiron kaɗan ba, wani wuri ma bai kai ɗaya ba. Don haka ƙwayar yashi wadda girmanta bai fi na ƙwayar jini ba, wadda ido ba ya gani, ta isa ta tsaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta yi aikin magagari. Idan ta gangara cikin baƙin mai kuma, sai ta zagaya da shi ko'ina. Sannu a hankali zobba su cinye, inji ya fara shan baƙin mai, salansa ta fara hayaƙi, tashin safe ya zama sai da turi.

Darasi daga hanci

Jikin ɗan Adam ya daɗe da samun maganin wannan matsala, kuma duba yadda ya yi yana taimakawa wajen fahimtar matatan mota. Gashin hanci yana tare manyan ƙwayoyi. Daga nan iska ta shiga wasu lunguna masu lanƙwasa a cikin hanci, inda dole ta yi ta karya kwana. Iska tana iya karya kwanar, amma ƙwayar ƙura mai nauyi ba ta iyawa, sai ta miƙe ta bugi bango, bangon kuwa lulluɓe yake da majina, nan take ta manne. A maƙogwaro da hanyoyin huhu akwai wasu 'yan ƙananan gasu da ba a gani sai da madubin ƙara girma, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, suna tura majinar sama har a haɗiye ta ko a tofar. Abin da ya tsere wa duk waɗannan ya kai can cikin huhu, akwai fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye shi. Raƙumi ya ƙara da nasa, don yana iya rufe ƙofofin hancinsa idan guguwa ta taso.

Matacin da ake shafa wa mai, dabarar majina ya ara: ramukansa manya ne, manne ƙura yake yi da danƙo. Amma akwai bambanci babba. Hanci yana sabunta majinarsa dare da rana ba tare da an tuna masa ba, man da ke jikin mataci kuwa idan ƙura ta shanye shi, sai mai motar ya sabunta da hannunsa. Har wa yau inji ba shi da fararen ƙwayoyin jini, kuma ba ya warkewa. Ƙarfen da ya cinye ya tafi ke nan.

Daga tarakta zuwa fagen tsere

Tarihin matacin iska a gona ya fara. A 1915, wani dillalin tarakta a Amurka mai suna Frank Donaldson ya tarar da taraktar wani manomi a jihar Utah tana ta mutuwa saboda ƙura, sai ya haɗa mata mataci da waya da ƙyalle. Kamfanin da ya kafa bayan haka har yau matatai yake yi. Shekaru da dama motoci sun yi amfani da wata tukunya mai baƙin mai a ƙasanta, inda iska take gangarowa ta juya a kan man ta bar ƙurarta, kuma tsofaffin Land Rover da Volkswagen mai ƙirar kunkuru duk da irinta suka zo. A Yaƙin Duniya na Biyu, da rairayin Masar da Libiya ya dinga kashe injinan jiragen yaƙin Ingila, sai aka ɗaura musu wani babban mataci na kamfanin Vokes a ƙarƙashin hanci. Ya rage musu gudu, amma aka haƙura, domin jirgin da ya rage gudu ya fi wanda ba ya tashi. Daga wajejen 1960 ne matacin takarda ya kori tukunyar mai a ƙananan motoci.

Takardar ba irin ta littafi ba ce. Zaruruwan itace ne da aka cuɗanya aka ƙarfafa da wani irin ƙaro, sa'an nan aka nannaɗe ta ninki-ninki don fili mai faɗi ya shiga ƙaramin gida, kamar dai yadda huhu ya tattara filin da ya wuce murabba'in mita 50 a cikin ƙirji. Mutane da yawa suna zaton aikin rariya take yi, watau abin da ya fi rami girma ya tsaya, ƙarami ya wuce. Abin ya fi haka. Manyan ƙwayoyi suna bugun zare saboda sun kasa karya kwana, matsakaita suna gogar zare su maƙale, mafi ƙanƙanta kuwa ƙwayoyin iska ne suke ta bugun su suna tangaɗi har su faɗa kan zare. Irin wannan tangaɗi ne masanin tsirrai Robert Brown ya gani a 1827, lokacin da yake duba ɓarɓashin garin fure a cikin ruwa.

Ga wani abin da ya kamata kowane direba ya sani: matacin takarda ya fi tacewa bayan ya ɗan yi datti. Ƙurar farko da ta kwanta a kansa takan toshe manyan ramuka, ta zama wani mataci a kan mataci. Sabo fil, a ranar da aka sa shi, a nan ne ya fi barin ƙura ta wuce.

Na auduga kuwa daga fagen tseren babura ya fito. Ken Johnson da Norm McDonald, masu harkar babura a garin Riverside na jihar Kalifoniya, su ne suka fito da shi a 1969 da sunan K&N. Ƙyalle ne sakwa-sakwa kamar bandejin asibiti, ninki huɗu zuwa shida, a tsakanin ragar waya, an jiƙa shi da wani mai na musamman. Na soso shi ne wanda ɗalibi zai iya gani a gida, don irinsa ne a cikin ƙananan janareto da babura da yawa. Wanda ake yi don jeji yakan zo hawa biyu, mai manyan ramuka a waje, mai ƙanana a ciki.

Abin da gwaji ya nuna

Ana gwada matatai da wata ƙa'ida ta duniya mai lamba ISO 5011. Akan ɗaura mataci a kan na'ura, a hura masa ƙura mai sanannen nauyi, wadda asalinta daga hamadar Arizona take, sa'an nan a auna abu uku: wahalar da iska take sha kafin ta ratsa, yawan ƙurar da ya riƙe kafin ya toshe, da kuma yawan wadda ta wuce. A wajen sauƙin wucewar iska, tsabtataccen matacin auduga yakan yi nasara, wannan gaskiyar masu talla ce. A wajen tare ƙura kuwa, takarda mai kyau takan wuce kashi 99 cikin ɗari, har ta kai 99.9, na auduga kuwa galibi tsakanin 96 da 99 yake tsayawa.

Mai karatu zai iya cewa ai tsakanin 98 da 99.9 ba wani nisa. Nan ne lissafi yake yaudarar mutane, domin abin da ke kashe inji ba ƙurar da aka tare ba ce, wadda ta wuce ce. A ce mota ta shaƙi kilo 1 na ƙura a tafiye-tafiyen rani guda. Matacin da ya tare kashi 99.9 ya bar giram 1 ya shiga inji. Wanda ya tare 98 ya bar giram 20. Ninki ashirin ke nan. A kan kwalta, inda ƙura kaɗan ce, ninki ashirin na ɗan abu ƙanƙani ba lallai ya nuna kansa ba har motar ta tsufa. A hanyar Yusufari ko ta Dirku, musamman ga motar da take bin bayan wata, labari ya sha bamban. Malamin lissafi da ke neman misalin kaso cikin ɗari mai ma'ana ga ɗalibai, ga shi nan a sauƙaƙe.

Maganar ƙarin ƙarfi kuma, tana da tushe amma an kambama ta. Sauƙin wucewar iska yana amfani ne a lokacin da aka take totur har ƙasa, inji yana iyakar gudunsa. Motar da take rarrafe a giya ta biyu cikin yashi ba iskar ce ta gaza mata ba. Masu tseren Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978 ana ratsa hamadar Tenere kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020, suna da makanikai masu jiran su kowane dare, kuma injinsu ba a sa ran zai yi shekara goma. Abin da ya dace da su ba lallai ya dace da motar da iyali suke ci daga gare ta ba. Dangane da shan mai ma, wani bincike da aka yi a cibiyar Oak Ridge ta Amurka a 2009 ya nuna cewa a motocin fetur na zamani, waɗanda kwamfuta take auna musu mai, toshewar mataci ba ta ƙara shan mai yadda za a lura, sai dai ta rage wa motar kuzari. A tsohuwar mota mai kafireta ne toshewar take jawo asarar mai.

Wanki ba ƙaramin aiki ba ne

A kan kwalta ana iya yin tafiyar kilomita dubbai masu yawa kafin matacin auduga ya bukaci wanki, amma a cikin ƙura mai kauri kwanaki kaɗan sun isa. Masu tseren babura a jeji bayan kowace fita suke wanke sosonsu. Wankin kuma yana da sharuɗɗa. Sai an sami ruwa mai tsabta da sabulunsa na musamman, a wanke daga ciki zuwa waje, a bar shi ya bushe da kansa, sa'an nan a shafa mai daidai gwargwado. Idan man ya yi kaɗan, ƙura ta sami ƙofa. Idan ya yi yawa, iska takan kwashe shi ta shafa wa 'yar siririyar wayar da take auna iska a motocin zamani, sai kwamfuta ta rikice. Fetur da aka saba wanke kayan inji da shi a gareji yana lalata soso, yana kuma narkar da gam ɗin da ya haɗa shi. Baƙin mai kuma bai maye gurbin man mataci ba, don ba shi da danƙo, tsiyayewa yake yi ya taru a ƙasa ya bar sama a bushe. Direban da ke tsakiyar hamada, wanda ruwan jarkarsa na sha ne, da wuya ya cika waɗannan sharuɗɗa. Matacin takarda guda a cikin leda a bayan kujera, minti biyar ya ishe shi.

Ba a ce takarda ba ta da aibi ba. Maƙiyinta ruwa ne. Idan ta jiƙe sai ta kumbura ta toshe, wani lokaci ta yage. Ga wanda aikinsa yake cikin fadama da ƙetare rafi da damina, soso mai hawa biyu yana da hujja, haka kuma ga babur da janareto waɗanda masana'anta da soso ta ƙera su. Amma kada a ruɗu, babu matacin da zai hana ruwa shiga inji idan bakin iskar ya nutse. Maganin wannan shi ne dogon bututun nan da ake ɗorawa a gefen gilashin gaba, wanda yake ɗauko iska daga saman mota. Ko da rani yana da amfani, don ƙura ta fi kauri a kusa da tayoyi.

Idan aka haɗa duk wannan, ga motar aiki a ƙasa mai ƙura, matacin takarda na ainihi shi ne zaɓin da ya fi hujja. Na wanki ya dace da mutumin da yake da wuri da lokaci da haƙurin kula da shi, kuma zai fi kyau ya mallaki biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana shanya. Akwai kuma sababbin matatai na zaren roba waɗanda ba a shafa musu mai, wasunsu suna tacewa kamar takarda ko fiye, ga wanda ya same su na gaskiya.

Inda aka fi yin ɓarna

Abin takaici shi ne, injinan da ƙura take kashewa, da yawansu ba irin matacin ne ya kashe su ba, hannun masu kula da su ne. Al'ada ce a tsaya wurin mai faci, a ciro filta, a buga ta a jikin taya, sa'an nan a hura mata iskar famfo har sai ta yi fari. Iskar da take cika tayar babbar mota tana huda takarda, ta bar ramukan da ido ba ya gani, bugun kuma yana lanƙwasa bakin da ya kamata ya zauna daram. Garin neman gira sai a rasa ido. Idan littafin motar ya yarda a hura, to da iska mai sauƙi ake yi, daga ciki zuwa waje, bayan haka a sa tocila a ciki a wuri mai duhu. In haske ya ɓullo ko da kamar kan allura ne, matacin ya gama aiki. Yawan buɗe gidan mataci ma illa ne, don duk buɗewa ƙura takan zube ta ɓangaren da ya kamata ya zauna da tsabta. Shi ya sa manyan motoci da taraktoci suke da 'yar na'ura mai nuna ja idan mataci ya toshe da gaske, don kada a dogara da kallon ido. Da yawansu kuma suna da wata tukunya a gaba mai juya iska kamar guguwa, ta watsar da manyan ƙwayoyi gefe kafin su kai ga takarda. Zubar da abin da ta tara kowace safiya yana tsawaita ran mataci ƙwarai.

Sai kuma jabun kaya. Araha ba ta ado: matacin da takardarsa ta yi shara-shara, ninkinsa kaɗan, robar bakinsa ta yi tauri, ko kwalinsa ya yi kyau bai cancanci a sa shi ba. Tsaga ɗaya a robar baki ko a bututun da ya tafi inji ta isa ta rushe duk lissafin da aka yi a sama, domin iska, kamar ruwa, hanya mai sauƙi take bi.

Akwai gwajin da ɗalibi zai iya yi da motar makaranta ko ta gida, da izinin direba, inji a kashe. A cire mataci a hankali, a sami farin ƙyalle mai tsabta a goga cikin bututun da ke bayansa, ta wajen inji. Idan ƙyallen ya fito fari, mataci da robarsa suna aikinsu. Idan ya fito da ja-ja, ko yatsa ya ji gari-gari, to ƙura tana wucewa, sai a duba takardar da tocila, a duba robar baki, a bi bututun da hannu har zuwa inji a ga ko wani maɗauri ya saki.